Jikan Sarkin Noma a Gonar Aro

Tun ranar da na sauka daga jaki a ƙofar gida ban huta ba. Mai zuwa aron taɓarya sai ta nemi wuri ta zauna, mai zuwa ɗibar wuta har garwashin ya mutu a kasko tana tambaya. "Inna Kulu, wai da gaske har ke anka sa cikin hoton?" "Inna Kulu, to ina yaron?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ciwo, kuma na lura duk wadda ta fita sai ta ƙara mishi nata gishiri. Shekaranjiya a bakin rijiya na ji wai a jirgin ƙasa na tafi. Shi ya sa na zaunar da Malama Saratu matar ɗan ƙanena, tunda ita ta yi boko, na ce ta rubuta shi yadda ya fito daga bakina. Mai son ji ta je a karanta mata, ni in samu in koma ga kaɗina.

Mafarin dai a gabanku anka yi shi. Motar majigi ta zo Bungudu, anka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan magariba, mutanen Karakkai munka ɗunguma kallo. Da anka gama nuna yadda ake zuba takin zamani sai anka sa wasan manoma biyu, mai himma da rago. Sai ga ragon nan kwance gindin ɗorawa, baki buɗe, ƙuda na shiga na fita, ciyawa ta cinye gonarsa har wuya. Fuskarsa a jikin ƙyallen ta kai girman rumbu. Can daga baya wani ya ce, "Kai jama'a, wanga ba Lawali na gidan Sarkin Noma ba ne?" Filin nan ya kwashe da dariya, har da waɗanda sunka ci tuwon gidanmu shekarar yunwa.

Lawali jikana ne, ɗan babban ɗana. Kakansa, maigidana, Allah shi jiƙansa, shi ne Sarkin Noman Karakkai, mutumin da ya ɗaure dami dubu a damina guda anka kwana uku ana mishi kiɗa. Shi kuwa yaron, tun yana ƙarami in an ce a tafi gona sai cikinsa ya murɗa. Anka kai shi Gusau koyon ɗinki, ashe ya bar keken ya faɗa cikin 'yan wasan kwaikwayo.

Kada wata ta ɗauka ban san wasa ba. Ni da na shekara hamsin ina tatsuniya, in yi muryar kura in yi ta dila, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce na ci mishi akuya. Na san hoto ne. Amma yara sunka fara yin minshari in sun zo wucewa ta ƙofar gidanmu. Uban yaron, ba na kama sunansa, ɗan fari ne, ya daina fita majalisa. Ga gabas ta fara baƙi, gandu na jiran hannu. Ranar nan ya ɗauko igiya ya ce Gusau za shi. Na ce wa matarsa ta gaya mishi ya zauna, in ya tafi da wannan fushin ba ɗa zai dawo da shi ba. Ni zan je. Na yi alkawari gaban mutanen gida cewa kafin a gama shuka zan shigo da Lawali riƙe da kunnensa.

Na ɗaure hocen dawa na guzuri a ƙyalle, na sa daddawa, na sa anka kama mini zabuwa guda ta tsaraba. Jaki ya kai ni Bungudu. A tasha 'yan kamasho sunka nuna mini bayan wata babbar mota, wai in hau bisa buhunan albasa. Na ce su tambaya ko matar wa ce ni. Ba su tambaya ba, amma dai sun buɗe mini gaba.

Direban Bayarabe ne, wanda ke gefena kuma Bagobiri mai zane har kunne. Kun san yadda suke, abokan wasan juna ne. Ba mu bar tasha ba sunka fara.

"Direba, ka tuƙa a hankali, ubangidanka na ciki."

"Wane ubangida? Kai da kaza ta yi tonon abinci a fuskarka?"

"Ka ga bawa da baki! Inna, ki shaida, in mun isa Gusau sayar da shi zan yi."

Ni ban saurare su sosai ba, hankalina na ga hanya. Rabona da mota tun kafin a canja hannu, sai na ga mutumin nan ya kama gefen da ba nasa ba ya miƙe. Na yi haƙuri har wata mota ta taho gabanmu, sannan na ce, "Ɗana, ba ina koya maka aikinka ba ne, amma ka koma wajenka." Ya ce gwamnati ce ta ce a bi nan. Na ce to ita gwamnatin tana cikin motar? Ana cikin haka zabuwa ta kwance ƙafa, ta yi tsalle ta sauka bisa sitiyari. Direba na salati da Yarabanci, Bagobiri ya cafko ta da hularsa, ya ce shi ke nan, yau ya ceci ran bawansa, sai a ninka mishi ladabi.

Gusau na sauka wurin Balki, ɗiyar ƙanwata, mijinta na aikin jirgin ƙasa. Gidan haya suke. Ku ji wani zama: ƙofa takwas, tsakar gida guda, kowace ƙofa da kwaɗonta, ko bayi mutum za shi sai ya kulle ɗaki. Kowacce ta girka a bakin ƙofarta, ta kwashe ta shige, ba mai ce wa ɗan'uwansa bisimilla. Ruwa a famfo yake, guda ɗaya, mata sun jera bokitai suna faɗa kan layi. Abin da ke tashin mutane da safe kuwa jiniyar masaƙa ce, ta yi kuka sai ka ga maza na gudu kan kekuna awa an ce gari ya kama wuta.

Da safe Balki ta kawo mini shayi da burodi. Na matsa burodin nan ya koma ɗan dunƙule a hannuna, na ce mata, "Wannan iska kuke saye?" Na kwance hocena na ci. Da rana maƙwabciyarta Bayarabiya ta aiko da teba da miya don girmama baƙuwa, Allah shi saka mata, ita kaɗai ce ta san ya kamata a gidan. Loma guda na yi, barkonon ya buɗe mini kunnen da ya shekara biyu a toshe.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da Balki ta gaya wa mutanen gidan ko ni wace ce. Ina jiran in ga an sunkuyar da kai, sai matan nan sunka yo kaina. "Ke ce kakar Rago? Ragon majigi?" Wata ta kira mijinta ya zo ya gan ni. Mai shayin bakin titi ya aiko da kofi cike, wai na kakar Rago ne, ya ce duk Gusau ba wanda ya iya barci kamar jikana. Abin da ya hana ɗana fita majalisa a Karakkai, shi ake ba ni shayi saboda shi a Gusau. Na sha shayin dai, amma ban yi dariya ba.

Da la'asar anka kai ni gidan mai gidan hayar in ga talabijin. Akwati ne da gilashi, an kafa mishi dogon ƙarfe bisa rufi. Hoton na zuwa yana tafiya, sai ka ce ana ruwa a cikinsa. An sa wani mutum da babbar riga yana yi wa yara tatsuniya. Bai iya ba. Ya faɗi ƙarshen tun a tsakiya, waƙar ciki kuma karanta ta ya yi awa wasiƙa. Na faɗa musu, sunka ce in yi shiru ana ji.

Kashegari na je shagon telan da anka ba shi yaron. Ya ce, "Inna, ai kin yi saɓani. Suna 'Yandoto, can gaban Tsafe, kwanansu uku." Ya ce wani Alhaji mai fataucin fatu ne ya ɗauko mai ɗaukar hoto daga Kaduna da aljihunsa, za su yi nasu wasan, ba na gwamnati ba, in ya yi kyau su kai gidan talabijin. Kuma Lawali anka ba babban matsayi. Na ce, "Barcin kwana nawa zai yi wannan karon?" Tela ya ce shi dai bai sani ba.

Na shiga ƙaramar bas ta Tsafe. Kun ce in gaya muku ko na ƙetare iyaka. Na ƙetare guda. Daidai dutsen Kwatarkwashi an gitta gungume a hanya, masu allurar riga-kafi sun kafa tebur, kowa sai ya sauka ya miƙa dantse. Wani yaro mai farar riga ya nufo ni da abinsa. Na ce, "An yi mini lamba tun uwarka ba ta san ɗaurin zane ba." Ya ce wannan ta wata cuta ce daban. Na ce dantsena maigidana kaɗai ya taɓa ganinsa. Direba na hon, fasinja na ba ni baki, ni kuwa na zauna bisa gungumen. Sai da anka nemo mace a cikinsu, ta kare ni da mayafinta, sannan anka yi. Kwana biyu hannun bai ɗagu ba.

Daga Tsafe da ƙafa na ƙarasa 'Yandoto. Garin malamai ne, gaisuwarsu doguwa, kafin a ba ka ruwa an ja maka aya biyu. Gidan wani dattijo, Malam Sani, anka sauke ni, shi ne kuma ya ba 'yan wasan aron gonarsa. Matarsa ta dama mini fura, mai ruwa-ruwa, ba kamar tamu da ludayi ke tsayawa ba, amma da sakin fuska ta ba ni. Su ruwansu ya riga namu sauka, ƙasa ta jiƙa.

Da hantsi na ja mayafi na rufe rabin fuska, na bi mutane zuwa gonar. Na ce bari in gani da idona kafin in kama kunne.

To ga abin da na gani. Akwatin ɗaukar hoton na bisa ƙafa uku, in an kunna shi yana ƙara awa keken ɗinki. Mutum biyu na riƙe da fallen kwanon rufi suna haska wa 'yan wasa rana a fuska. Wani na rataye da rikoda yana bin mutane da sanda. Shugabansu Malam Isiyaku, shi ne na Kaduna, siriri da malafa, shi ke cewa a fara, shi ke cewa a tsaya. Kuma komai nasu a juye yake. Wata mata ta gaya mini shekaranjiya sun yi girbi, da dammunan bara da sunka ara daga rumbun Malam Sani, jiya sun yi bikin cika rumbu, yau ne za su fara huɗa. Hadari ya ɗan taso ya rufe rana, manoman da ke kallo na cewa alhamdulillahi, sai Malam Isiyaku ya cire malafa ya buga da ƙasa yana tsaki. Tunda nake ban taɓa ganin mai fushi da hadari a farkon damina ba sai ranar.

Sai ga matar manomi ta taho da ƙwaryar fura a kai, tana rausaya. Na dubi ƙafafun nan, na dubi maƙogwaro, na ce wa ta kusa da ni, "Wannan ai ƙato ne." Ta ce Tanko sunansa, ba su samu macen da za ta yi ba, shi ya aske gashin baki ya ɗaura zane.

Sannan ga nawa. An sa mishi warki, an rataya mishi layu, an ba shi galma. Wai shi ne Sarkin Noma.

Da ya juya gefe, wallahi kakansa ne yana saurayi, har tsayin wuyan. Amma da anka ce a fara sai kamar ta watse. Ya riƙe galmar nan can nesa da jiki awa mai taɓa maciji da sanda. Ya sara, ta yi tsalle. Ya sake sara, ta kafe, ya ja har ya zauna. Kuyyar da ya tayar, wato tudun da ake shuka a kai, ta tafi a karkace kamar sawun tsutsa. Manoman 'Yandoto sunka fara tuntsira.

"A tsaya!" in ji Malam Isiyaku. "Lawali, sau biyar ke nan. Abin da ke cikin akwatin nan ba ruwan rijiya ba ne, in ya ƙare sai Kaduna."

"Ranka shi daɗe, a ƙara mini sau ɗaya."

"Fuskarka ta yi, maganarka ta yi, amma duk manomin da ya ga wannan huɗar zai kashe akwatinsa. Ga ɗan Malam Sani nan ya iya noma. In ba ta yiwuwa a cire warkin a ba shi, mu sake girbin da shi, kai ka koma gida."

Kun ji fa. Abin da na baro Karakkai dominsa ke nan, an miƙo mini shi ba ko gardama. In yi shiru kawai, a tuɓe mishi warki, in kama hannunsa mu kama hanya. Har na fara gyara ƙunshina.

Sai wani mai baƙin rawani a gabana ya ce wa na kusa da shi, "Wai fa jikan Sarkin Noman Karakkai ne."

Ɗayan ya ce, "To in wanga ne jikan, ai ka san irin dami dubun. Halama na tsintsiya ne."

Ban san sadda na ratsa su ba. Na ji dai ana cewa, "Inna, kin shiga hoto! Inna, igiya!" Na tsallake igiyar, na ture mai kwanon rufi, na tsaya gaban yaron na yaye mayafi.

Ya dube ni, galmar ta faɗi. "Amarya? Mi kike yi nan?"

"Ni ba amaryar rago ba ce. Sake ni ka ba ni takardata."

"Don Allah, Inna, mutane na kallo."

"Da kana kwance ƙuda na shiga bakinka mutane ba su kallo? Ɗauki abin nan."

Malam Isiyaku ya taho yana cewa wace ce wannan. Na ce, "Ni ce wadda ta shekara arba'in tana kai wa Sarkin Noma na gaskiya fura a gona. Kai kuma da kake cewa a fara a tsaya, ka taɓa tayar da kuyya?" Ya ce shi a birni anka haife shi. Na ce ai na gani, tunda galmar da kunka ba shi ta mai hagu ce, ƙotarta ma ta yi mishi tsawo. Manoman nan sunka matso sunka duba, mai baƙin rawanin da kansa ya ce tsohuwa ta yi gaskiya. Na ce a ba ni yaron kwana biyu. Malam Isiyaku ya dubi sama, hadari ya riga ya haɗe, ya ce ko ba don ni ba yau da gobe ba rana, in ɗauka.

Malam Sani na da wata gona bayan gari da ba a taɓa ba. Can na kai shi tun da sassafe, da galma daidai hannunsa. Na zauna bisa kututture da karan dawa.

"Tofa miyau a tafi. Buɗe ƙafa. Ba da hannu ake ja ba, da ƙugu ake ja. Kifa ƙasar bisa ciyawa, hagu, sannan dama. Kada ka dubi galma, dubi itacen can ka nufe shi."

"Amarya, bayana zai karye."

"Na kakanka bai karye ba."

"Shi ai ba shi da wani aikin."

Na ɗana mishi karan a maraƙin ƙafa. Ya yi dariya ya duƙa. Ina jiran cikin nan nasa ya murɗa kamar yadda ya saba, bai murɗa ba. Azahar ta yi na ce ya huta, ya ce bari ya kai ƙarshen wannan. Ruwa ya sauko, ya ci gaba a cikinsa. Can na ga ya tsaya yana taɓa ƙugu, yana share goshi da bayan hannu, yana sake yi. Na ce mi ke nan? Ya ce, "Haka Baba Tsoho ke yi in ya kai bakin gona, ko ba haka ba? Ina so in tuna yadda yake tsayuwa." Ashe duk shekarun da yake laɓewa gindin ɗorawa kallon mutane yake yi. Malam Sani kuwa safe da yamma sai ya zagayo, ya dubi gonarsa tana nomuwa a banza, ya ce Allah shi sa wasan nan ya kai kaka.

Rana ta uku gari ya washe. Anka kafa akwati, anka ce a fara. Yaron ya tofa miyau, ya duƙa, ya tafi. Kuyya ta miƙe sambal. Tanko da ke matsayin matarsa ya kama hanci zai yi guɗa, abin da ya fito awa an taka wutsiyar kare. Ban iya daurewa ba. Daga inda nake na rangaɗa tawa, wadda kunka sani, sannan bakina ya kama kirarin maigidana da kansa: na gidan Kulu, mai kuyya awa ganuwa, rana ta fito ta tarad da kai a ƙarshen gona, ƙasa na ganinka tana kwance ɗamara! Ban yi kirarin nan ba tun ranar da anka fita da gawarsa. Mai rikoda ya juyo da sandarsa wajena, Malam Isiyaku na yi mishi hannu kada ya tsaya. Lawali kuwa da ya ji, sai ya ƙara wuta, ƙasa na tashi hagu da dama, ya wuce inda anka ce ya tsaya, ya wuce mai kwanon rufi, sai da anka bi shi da gudu ana cewa an gama.

To amsar tambayarku ke nan. Ba a sa ni cikin hoton ba, muryata ce kawai. Fuskar da za ku gani tana guɗa ta Tanko ce. Na ce wa Malam Isiyaku aƙalla ya sa ƙaton ya gyara ɗaurin kallabi.

Da yamma yaron ya same ni a zauren Malam Sani, ya zauna ƙasa. Ya ce, "Na san abin da ya kawo ki. Baba ne. Saura kwana shida mu gama, kuma Malam Isiyaku ya ce in na so in bi shi Kaduna, akwai wasan da ake yi a talabijin duk mako. Amma in kin ce in tashi, yanzu sai in ɗauko jakata."

Na ce ya miƙo hannunsa. Ya ɓoye. Na ce miƙo. Tafin nan biyu duk sun yi bororo, sun fashe, wani wurin har nama. Da su ya yi huɗar safe, yana murmushi gaban akwati. Shekara ashirin yaron nan na gidan Sarkin Noma, da roƙo da duka ba mu taɓa samun bororo guda a hannunsa ba. Ga shi ya yi goma a kwana uku, a gonar aro, don wasa. Na aika anka samo man kaɗe na shafa mishi, na yage bakin ƙyallen hocena na ɗaure.

"In na kai ka gida," na ce, "rago zan kai. Rago kuwa muna da su."

"Baba fa?"

"Ni na haife shi. Bar ni da shi."

"Amarya, kin fasa karɓar takardar ke nan?"

"Na ɗaga maka zuwa kaka. Tashi ka ba ni wuri, kana warin zufa."

Haka na dawo ni kaɗai, ta Tsafe, ta Gusau, ta Bungudu, masu allura ma sun tashi. Alkawarin da na yi gaban mutanen gida ban cika ba, kuma ban ɓoye ba. Na tara su na faɗa musu abin da na gani a tafin hannun yaron. Uban ya tambayi matarsa, don in ji, wai kuyyar ta miƙe da gaske? Na ce a gaya mishi ta fi tasa. Ya ɗauki galma ya fita. Rabon Lawali na gandu gayya anka yi mishi, ni na dafa tuwon.

Hoton har yau ban gan shi ba, an ce yana Kaduna ana haɗa shi, sai an mai da huɗa gaban girbi. Amma ranar kasuwar da ta wuce direban nan Bayarabe ya kawo saƙo daga yaron, da sabulu da ɗan kallabi. Wai a gaya mini kada in ji a bakin mutane: a wasan da ke tafe ɓarawon akuya zai fito, yana neman gafara tun yanzu. Na ce direba ya tsaya ya ɗauki amsa. A gaya mishi ba a kama akuya ta ƙafa, kuka take yi. Ya tafi da gishiri a tafin hannu, in ta sa baki tana lasa ya rungume ta, ya riƙe muƙamuƙin, ya bi ta bayan danga. In zai yi sata gaban duk ƙasar Hausa, ya yi ta yadda ba wanda zai ce gidanmu ba a iya komai ba.